Me Ɗalibin Zanen Gine-gine Ke Yi a Situdiyo a Shekarar Farko?

Iyaye da yawa kan yi mamaki idan ɗansu ya shiga karatun zanen gine-gine, ya dawo hutu jakarsa cike da zanen buta da kujera, babu bene ko ɗaya. Ga amsar tambayoyin da aka fi yi a kan wannan.

Mene ne situdiyo?

Babban ɗaki ne, kowane ɗalibi da teburinsa da allon zanensa. Malami ba lacca yake yi ba, zagayawa yake tebur-tebur yana duba aiki. A jami'o'in Najeriya da dama, ajin farko zanen hannu da zanen ma'auni ake koya, tsara cikakken gini kuma sai aji biyu.

Me ya haɗa buta da gini?

Ido ake gyarawa. Ajiye buta gaban sabon ɗalibi, zai zana maka butar da ya sani tun yana yaro, ya bar wadda ke gabansa. Sai an matsa masa yake lura cewa bakinta daga inda yake zaune ya yi siffar ƙwai, inuwa kuma ta fi duhu kusa da gindinta. Wanda ya kasa ganin wannan, yaya zai hango yadda rana za ta faɗa cikin ɗakin da ba a ma haƙa tushensa ba?

Tsarin yana da asali. Makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Weimar ta Jamus a 1919 ta wajabta wa kowane sabon shiga kwas na share fage, wanda Johannes Itten ya fara koyarwa: layi, launi, siffa da halin kayan aiki. Makarantun duniya da yawa daga nan suka ɗauka.

To zanen ma'aunin fa?

A ganina nan ne gishirin shekarar. Gini ɗaya ake nunawa ta hanya uku. Filan shi ne a yanke gini a kwance, kamar mita ɗaya daga ƙasa, a leƙo daga sama. Sai a yanke shi a tsaye don a ga kaurin bango da tsayin rufi. Na uku fuskarsa daga waje. A ma'aunin 1:100, santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a fili, don haka ƙofa mai faɗin santimita 90 milimita 9 kacal za ta ci. Fensirin 2H na siraran layuka ne, 2B kuma na bangon da aka yanka, domin mai duba takarda ya gane bango daga taga ba sai an yi masa bayani ba.

Abin da ya fi koyar da wannan shi ne a tura ɗalibi da tef ya auno gini na gaske. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello, inda sashen ya girmi na kowace jami'a a Najeriya, ba ya bukatar tafiya mai nisa: ga Masallacin Juma'a na birnin Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Zauren gidan kakanninsa ma ya isa. Ranar da ya zana yankan zaure, ya ga yadda gajartar azara ta sa magina ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, don ɗaki ya yi faɗi, ranar zai daina yi wa ginin tubali kallon tsohon yayi.

Ga manhajojin zane na kwamfuta irin AutoCAD da Revit, me ya sa ake wahalar da hannu?

Za a zo gare su, kuma dole ne. Amma kwamfuta kan fitar da layi tsaf ko da tunanin bai nuna ba, ɗalibi ya ɗauka ya gama. Da fensir kuwa yakan gwada tsari goma cikin rabin awa, ya yar da tara bai ji ciwo ba.

Mene ne juri da ɗalibai ke tsoro?

Ranar kare aiki ce. Ɗalibi ya liƙa takardunsa a bango, ya ajiye ɗan samfurin da ya haɗa da kwali, ya yi bayani gaban malamai da 'yan ajinsa. Tambayar ba ta wuce "don me?" Don me ƙofa ta kalli yamma? Don me matakala ta yi tsayi haka? "Ya yi mini kyau" ba amsa ba ce. Ina roƙon malamai dai su soki aikin su ƙyale mai aikin, domin yaron da aka kunyata gaban jama'a yakan daina gwada sabon abu.

Wanda bai iya zane ba zai iya shiga?

Zai iya. Ya sayi ƙaramin littafin zane, ya riƙa cika shafi ɗaya kullum, ko a tasha yana jiran mota, ya kuma sa kwanan wata a ƙasan kowane shafi.