Accento: Inda Nauyi Ke Sauka a Kalmar Italiyanci

Idan mai sharhin ƙwallo ɗan Italiya ya ambaci Napoli, gaɓar farko yake dannawa: NA-po-li. Da ya zo kan Milano kuwa sai ƙarfin ya koma tsakiya: Mi-LA-no. Wannan dannawar ita ake kira accento. Gaɓa guda ce take ɗaukar nauyin kalma, ta fi sauran ƙarfi da ɗan tsawo. Ba ɗaya suke da karin sautin Hausa ba, inda murya ke hawa da sauka a kan kowace gaɓa.

Galibin kalmomi nauyinsu na kan gaɓa ta biyu daga ƙarshe, kamar a-MI-co, wato aboki. Su ne piane. Idan nauyin ya faɗa kan gaɓar ƙarshe, sunansu tronche, kuma dole a ɗora alama a kan wasalin: città, caffè. Alamar nan ce ke raba papà, uba, da papa, Fafaroma.

Inda gizo ke saƙar shi ne rukunin sdrucciole, masu nauyi a gaɓa ta uku daga ƙarshe: TA-vo-lo, ME-di-co, GE-no-va. Rubutun yau da kullum ba ya nuna komai a nan. Duba ancora. Idan ka ce AN-co-ra, kana nufin ƙarfen da ake jefawa a ruwa ya tsayar da jirgi. Idan ka ce an-CO-ra, ka ce “har yanzu”. Haruffa ɗaya, ma’ana biyu, sai jimla ta raba gardama. A wasu aikatau ma nauyin kan ja baya har gaɓa ta huɗu daga ƙarshe: te-LE-fo-na-no, suna buga waya. Don haka nake ganin mai koyo ya riƙa haddace kowace kalma tare da inda nauyinta yake tun ranar farko. Ƙamus mai kyau yana nunawa.

Wajen raba gaɓa kuwa Bahaushe yana da sa’a. Yawancin kalmomin Italiyawa da wasali suke ƙarewa kamar namu, kuma suna da baƙi mai shadda. Kunnen da ya saba bambanta baba da babba zai ji bambancin sete, ƙishirwa, da sette, bakwai, nan take. Baƙin da aka ninka rabuwa yake yi biyu: set-te. Abin lura shi ne harafin s idan wani baƙi daban ya biyo shi: a ƙa’idar rubutu gaɓar gaba yake bi, shi ya sa ake raba pa-sta, ba pas-ta ba.