Talauci a gidajen ƙananan manoman shinkafa a arewacin Najeriya

Mafi yawan shinkafar da ake nomawa a arewacin Najeriya tana fitowa ne daga ƙananan gonaki da magidanci da iyalinsa ke aiki a cikinsu, musamman a fadamun Kebbi, Sakkwato, Neja, Jigawa da Kano. Duk da darajar shinkafa a kasuwa, yawancin waɗannan gidaje na fama da talauci.

Tarihi

Tun kafin zuwan Turawa ake noman shinkafar gargajiya a fadamun kogin Sakkwato da Rima. Manomi ya dogara ne ga ambaliyar da kan malale fadama kowace damina, ta bar danshi da laka mai albarka. Manyan madatsun ruwa suka sauya wannan tsari. An kammala madatsar Tiga a jihar Kano wajen 1974, ta Bakolori kuma wajen 1978 kusa da Talata Mafara. A Bakolori ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka hana wasu shuka shekaru ana gyaran fili, diyya kuma ta yi jinkiri. Manoma suka tare hanyoyin aikin, har a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da wani abu suka mutu. Mutanen yankin na cewa ɗaruruwa. Ƙauyukan da ke gangaren madatsar kuwa ambaliya ta ragu musu, da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa. A dausayin Haɗeja da Nguru, da ke gangaren madatsar Tiga, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki.

Bashi da farashi

Mai noman rani sai da taki da fetur na injin ban-ruwa, fetur kuma ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023. Wanda ba shi da jari yakan ci bashi a hannun ɗan kasuwa, ya biya da buhunan shanshera da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa. Kafin damina ta yi nisa rumbu ya ƙare, ya koma awo a kasuwa. Ga tsuntsayen jan-baki da ambaliya, irin ta 2020 da ta shafe gonaki masu yawa a Kebbi.

Matan gida na samun ɗan abin hannu daga turara shinkafa.

Tallafin gwamnati

A Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi. Ana saɓani kan yawan waɗanda suka amfana da kuma waɗanda suka biya.