Ɗaukar Hoto a Svalbard: Farin Beyar, Ƴan Yawon Buɗe Ido da Dokar Mita 300

Yawancin hotunan farin beyar da muke gani a waya, yana tafiya kan ƙanƙara ko yana barci a kanta, daga wurare ƙalilan suke fitowa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Svalbard, tarin tsibirai a can ƙuryar arewacin duniya, yankin da ake kira Aktik. Daga farkon 2025 hukumomin wurin sun tsaurara wa masu kyamara da jiragen da ke kai su, kuma har yanzu ana ta ka-ce-na-ce a kai.

Ina ne Svalbard ɗin, kuma me masu ɗaukar hoto ke nema a can?

Tsibiran suna ƙarƙashin ƙasar Norwe bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1920, suna kusan tsakiyar tazarar da ke tsakanin Norwe da tsinin arewacin duniya. Babban garinsu, Longyearbyen, mutanensa ba su wuce 2,500 da wani abu ba, amma yana da filin jirgin sama da jiragen fasinja ke sauka daga Oslo da Tromso. Wannan sauƙin zuwa shi ne sirrin. Mutum zai karya kumallo a Oslo, kafin la'asar yana inda doka ta ce kada ya fita bayan gari sai da abin korar beyar.

Dabbobin kuwa akwai farin beyar, da walrus, wata ƙatuwar dabbar ruwa mai haure biyu, da barewar Svalbard mai gajerun ƙafafu, da yanyawar da gashinta ke komawa fari fat lokacin sanyi. A dutsen Alkefjellet kaɗai, tsuntsayen teku kimanin 60,000 bibbiyu ne ke yin sheƙa a jikin bango ɗaya.

Sai haske, wanda a ganina ya fi dabbobin jan ƙwararru. Daga wajen 20 ga Afrilu zuwa 22 ga Agusta rana ba ta faɗuwa a Longyearbyen. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu kuma ba ta fitowa sam, kuma saboda duwatsun da suka kewaye garin, sai 8 ga Maris haskenta ke sauka a cikinsa, har biki ake yi. A makonnin da ke gab da dawowarta, sama da ƙasa kan rine da shuɗi da ja-ja na tsawon sa'o'i. Abin da mai hoto a wani wuri ke samu na mintoci kafin magariba, a can yini yake yi.

Me ya sa baƙi suka ƙaru haka?

Dalilai uku ne suka haɗu. Garin da ya rayu da haƙar kwal ya bar sana'ar: an kashe tashar lantarki mai amfani da kwal a 2023, an kuma rufe mahaƙar Norwe ta ƙarshe a 2025. Abin da ya rage shi ne bincike da yawon buɗe ido. Na biyu, ƙanƙarar teku tana ja baya. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa tun 1979 yankin Aktik na ɗumama da saurin da ya kusa ninka na sauran duniya sau huɗu, kuma a Yulin 2020 zafi ya kai digiri 21.7 a Longyearbyen. Inda a da ƙanƙara ke tare jirgi, yanzu hanya a buɗe take, lokacin zirga-zirga kuma ya tsawaita.

Na uku shi ne hoton kansa. Duk hoto mai kyau da ya zaga Facebook da Instagram talla ce ga tafiya ta gaba. Mutane na jin cewa wurin nan narkewa yake, gara su je tun yana nan, tunda gani ya kori ji. Zuwan nasu da jirgin sama da na ruwa kuma yana ƙara hayaƙin da ke narkar da shi.

Me sababbin dokokin suka ce?

Daga 1 ga Janairun 2025, ba a yarda mutum ya kusanci farin beyar ƙasa da mita 300 ba. Daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuwa tazarar mita 500 ce. Idan beyar ɗin ne ya matso, kai ne za ka ja baya. Jirgin ruwa mai ɗauke da fasinja fiye da 200 ba zai shiga yankunan da aka keɓe ba, kuma a cikin waɗannan yankuna wurare 43 kaɗai aka yarda kamfanonin yawon buɗe ido su sauke mutane. An hana tashin ƙananan jirage marasa matuƙi a wuraren da aka keɓe. Kwalekwale mai inji zai tsaya aƙalla mita 150 daga inda walrus ke kwanciya a gaɓa, kuma dole ya rage gudu kusa da duwatsun da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa. Ofishin gwamnan Svalbard ne ke kula da bin dokar da cin tara.

To mita 300 ai ta kashe hoton. Ko ba haka ba?

Haka masu jagorancin tafiye-tafiyen hoto da yawa suka ce, kuma kukansu ba na banza ba ne. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce: a da jirgi kan kashe inji a bakin ƙanƙara ya tsaya cik, beyar mai son sani ya tako da ƙafarsa ya zo ya shinshina ya wuce. Ba wanda ya bi shi. Yanzu doka ta ce jirgin ya tada inji ya janye, wanda a cewarsu ya fi tsayuwar damun dabbar. Suna kuma cewa tun tuni dokar kare muhallin Svalbard ta 2001 ta hana bin beyar ko jawo shi ko tayar masa da hankali, abin da ya rage kawai a hukunta masu karya ta.

Duk da haka ina bayan dokar. "Kada a dami dabba" magana ce da kowa zai fassara yadda ya ga dama, musamman jagoran da mutum goma sha biyu suka biya shi dubban daloli suna jiran hoto. Mita 300 kuwa aunawa ake yi. Kuma abin da jirgi ɗaya zai yi ba tare da illa ba, idan jirage da dama suka yi shi a mako guda ga uwa ɗaya da ƴaƴanta, lissafi ya canza.

Abin da ya mutu shi ne hoton fuska cike da allo, wanda dama duniya ta ƙoshi da irinsa. Beyar ɗan mitsitsi a tsakiyar farin fili mara iyaka, ko sawunsa ya miƙe zuwa bakin ruwa, ya fi faɗin gaskiyar rayuwarsa. Hoton Nima Sarikhani na wani matashin beyar da ke barci a kan guntun ƙanƙara kusa da Svalbard, wanda jama'a suka zaɓa a gasar Gidan Tarihin Halittu na Landan a farkon 2024, ƙanƙarar da ruwan da ke kewaye da ita su ne rabin ƙarfinsa.

Wai wace cuta mutumin da ya tsaya shiru da kyamara zai yi wa dabba?

A wurin da abinci ke da wuya, kowane motsi na banza asara ne. Macen beyar kan shiga rami a cikin dusar ƙanƙara tun kaka, ta haihu a tsakiyar hunturu, ta fito a Maris ko Afrilu bayan watanni ba ta ci komai ba, tana shayarwa. Abin da zai cece ta da ƴaƴan shi ne ƴan makonnin nan da dabbar ruwan da ake kira sil ke haihuwa a kan ƙanƙarar bakin teku. Idan ƙarar babur ɗin kan dusar ƙanƙara ko ta jirgi ta sa sil ɗin ya nutse, ko ta sa uwar ta kwashi ƴaƴa ta gudu, farautar ranar ta tafi. Shi ya sa tazarar ta fi yawa daga Maris zuwa Yuni, shi ya sa kuma aka hana jirage fasa ƙanƙarar da ke manne da gaɓa.

Ga tsuntsaye abin ya fi sauri. Agwagwa ko dinya ta tashi daga kan ƙwai saboda wani ya matso, kafin ta dawo yanyawa ko babban tsuntsun teku ya kwashe. Walrus kuma kwanciya suke a cunkushe, idan suka firgita suka ruga ruwa, manya kan tattake ƙanana. Waɗannan dabbobi da ƙyar suka farfaɗo: an kusa ƙarar da walrus a Svalbard kafin a hana farautarsa a 1952, farin beyar kuma sai a 1973, shekarar da Norwe da Kanada da Danmak da Amurka da Tarayyar Sobiyat suka ƙulla yarjejeniyar kare shi a Oslo.

Ƙasar ma tana jin ƙafa. Tsirrai a can ba sa wuce idon sawu, girmansu kuma na tafiyar hawainiya ne, sawun takalmi kan daɗe shekaru bai goge ba. Tsinkar fure haramun ne a doka, haka ɗaukar duk wani abin da mutane suka bari kafin 1946, ko da tsatsattsen ƙusa ne a tsohon sansanin Smeerenburg.

Su mutanen fa, ba sa cikin haɗari?

Suna ciki. A Agustan 2020 beyar ya kashe wani mutum a cikin tantinsa a sansanin da ke kusa da filin jirgin Longyearbyen. Amma sau da yawa idan aka yi arba, dabbar ce ke mutuwa. A Yulin 2018 masu gadin wani jirgin yawon buɗe ido sun sauka a tsibiran Sjuoyane don duba wurin kafin fasinjoji, beyar ya raunata ɗaya daga cikinsu, abokan aikinsa suka harbe shi. Kare kai ne, ba musu. Sai dai beyar ɗin a gidansa yake.

Ba hotunan nan ne suka sa duniya ta san halin da Aktik ke ciki ba?

Su ne, kuma wannan ne ya sa ba na goyon bayan masu cewa a rufe wurin gaba ɗaya. Aikin da ya fi tasiri shi ne na tsayawa daidai inda wani ya tsaya shekara ɗari da suka wuce a sake ɗaukar wuri ɗaya. Cibiyar binciken yankin ƙanƙara ta Norwe tana da tsofaffin hotuna, kuma mai hoto Christian Åslund ya bi sawunsu a 2002. A Blomstrand, kusa da ƙauyen Ny-Ålesund na Svalbard, tsohon hoton ya nuna katangar ƙanƙara ta tare ido, sabon kuma ruwa ne da duwatsu tsirara. Wurin da taswira ta daɗe tana nunawa a manne da ƙasa ya zama tsibiri, ashe ƙanƙara ce ta haɗe su.

Hoto kuma yana iya faɗin abin da bai sani ba. A 2017 bidiyon wani ramammen beyar da Paul Nicklen da Cristina Mittermeier suka ɗauka a arewacin Kanada ya zaga duniya, mujallar National Geographic ta sa masa rubutun da ke ɗora laifin kai tsaye kan sauyin yanayi. Daga baya mujallar ta amsa cewa ta wuce gona da iri, domin ba wanda ya san ko tsufa ne ko ciwo ko yunwa. Masu musun sauyin yanayi sun yi ta yawo da wannan, alhali hujjar gaske tana nan: a yammacin Hudson Bay na Kanada, ƙidayar 2021 ta samu beyar 618, ƙasa da 842 na 2016.

Ta yaya kyamara ke jure wannan sanyi?

Batir ne ke fara gazawa, don haka ana ajiye na canji a aljihun ciki kusa da jiki. Shiga ɗaki mai ɗumi da kyamara mai sanyi yana sa raɓa ta taru har cikin madubinta, sai a kulle ta a jakar leda tun a waje, a bar ta ta huce a hankali. Farin fili kuma yana ruɗin ma'aunin haske, kyamara ta mayar da dusar ƙanƙara toka-toka, sai mai hoto ya ƙara hasken da hannunsa. Da sabuwar tazarar, madubi mai jawo nesa na milimita 500 ko 600 ya zama dole, ga shi kwalekwalen roba ba ya daina rawa.

Idan Svalbard ta tsaurara, ba wani wurin za a koma ba?

Alamu sun nuna haka. Dokar ta tsaya ne a ruwan Svalbard, mil 12 daga gaɓa, don haka wasu jirage kan nausa arewa zuwa bakin ƙanƙarar tsakiyar teku inda ba ta kai ba. Girinlan, babban tsibirin da ke yamma da Svalbard, ta buɗe sabon filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a Nuuk, babban birninta, a Nuwamban 2024, kuma a 2025 jirage suka fara zuwa kai tsaye daga Amurka. A can, ba kamar Svalbard ba, akwai ƴan asalin ƙasa, Inuit, masu farauta da kamun kifi, waɗanda su ma baƙi kan ɗora wa kyamara ba tare da sallama ba. Ƙungiyar kamfanonin jiragen yawon Aktik, AECO, wadda aka kafa a 2003, tana da ƙa'idojin ziyarar ƙauyuka da suka haɗa da neman izini kafin ɗaukar mutum hoto, amma ƙa'idar tana hawa kan mambobinta ne kawai.