Salon karatun ɗaliban kimiyya da na adabi a jami'o'in Amurka

Salon karatu shi ne yadda ɗalibi ke amfani da lokacinsa bayan an tashi daga lakca: awa nawa yake zaman bita, me yake yi a cikinsu, shi kaɗai yake yi ko da abokai. A jami'o'in Amurka an daɗe ana kwatanta ɗaliban kimiyya da injiniyanci da takwarorinsu na adabi, tarihi da falsafa ta wannan fuska.

Binciken NSSE (tambayoyin da ake yi wa ɗaliban jami'o'i kan yadda suke karatu), wanda Jami'ar Indiana ke gudanarwa tun shekarar 2000, ya nuna a 2011 cewa ɗaliban injiniyanci na shekarar ƙarshe kan shafe kusan awa 19 a mako suna shirin darasi, na adabi kusan awa 17, na kasuwanci da nazarin zamantakewa kuwa awa 14. Tazarar injiniyanci da adabi ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, don haka zargin lalaci da ake wa 'yan adabi ba adalci ba ne. Masana tattalin arziki Philip Babcock da Mindy Marks kuma sun gano cewa lokacin bitar ɗalibai ya ragu daga kusan awa 24 a mako a 1961 zuwa 14 a 2003, raguwar kuwa ba ta bar kowane fanni ba.

Ainihin bambancin yana cikin irin aikin. Darasin lissafi ko kemistare kamar ginin bulo yake, wanda sahun farko ya kubce masa ba zai ɗora na biyu ba. Shi ya sa ake ba ɗalibin kimiyya jerin tambayoyi duk mako. Sai a gan su su uku ko huɗu sun kewaye allo, wannan ya rubuta, wancan ya goge, har amsar ta fito. Ga kuma rahoton ɗakin gwaje-gwaje da ke jiransu bayan kowane gwaji. Ɗalibin tarihi kuwa shiru yake nema: littafi a gabansa, fensir a hannu, yana rubutu a gefen shafi, gobe ya shiga aji ya kare fahimtarsa. Nauyinsa yakan taru a ƙarshen zango, lokacin miƙa dogayen maƙaloli, kuma a nan jinkiri ke cutar da shi.

A 2013 masanin halayyar ɗan Adam John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu guda 10. Biyu suka yi fice: gwada kai da tambayoyi, da rarraba bita a kan kwanaki maimakon kwanan zaune daren jarrabawa. Maimaita karatu da shafa wa layi launi ba su taɓuka abin kirki ba. Aikin mako-mako kan tilasta wa ɗalibin kimiyya bin dabarun nan biyu da suka yi fice, ɗalibin adabi kuwa sai ya rufe littafi ya tsara wa kansa tambayoyin.