'Yan Taru

'Yan Taru ƙungiya ce ta mata masu kai karatu ƙauyuka, wadda Nana Asma'u (1793–1864), 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta kafa a Sakkwato cikin shekarun 1830. A lokacin, yaƙe-yaƙen jihadi sun raba mata da yawa da garuruwansu, musamman bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Akasarinsu a cikin bori suka tashi, ba su da mai koya musu tsarki da salla, kuma malamai maza ba sa iya shiga inda suke.

Kowane ayari na da shugaba da ake kira jaji, dattijuwa mai ilimi wadda mutanen garinsu suka yarda da amanarta. Asma'u da kanta take naɗa ta: ta ɗora mata malfa, ta kewaye da jan rawani. Malfar nan ado ce da aka san Innar Gobir, shugabar bori, da ita, don haka matan karkara na ganinta suka san girman wadda ta sa. A nan basirar Asma'u ta fi fitowa, domin ta ɗauki alamar da mata suke girmamawa ta mayar da ita ta malanta.

'Yan mata da ba su kai aure ba da tsofaffi su ne ke bin jaji a ƙafa zuwa Sakkwato. Matan aure na gida, sai su ba da tambayoyinsu da sadakarsu, wato hatsi, zuma, man shanu ko zare, wadda ake raba wa mabuƙata. Darasin kuwa waƙa ne. Asma'u na rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa cikin ajami, jajoji su haddace, su koma su biya wa mata gida-gida. Wadda ba ta taɓa riƙe allo ba ma tana iya rera baitin tana kaɗi.

Tarihin mata na cikin abin da ake koyarwa. A waƙarta Tawassuli ga Mata Masu Albarka, Asma'u ta fara da matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa mata, ta zo kan Sayyida Nafisa da Rabi'atul Adawiyya, sannan ta ambaci malamai mata na jama'ar Shehu, irin su Habiba mai karantar da mata. Yarinyar ƙauye da ta ji sunan malamar ƙasarsu a jeri ɗaya da waɗancan waliyyai, da wuya a sake gamsar da ita cewa karatu na maza ne. Har marsiyya Asma'u ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u da ta rasu.

Bayan rasuwar Asma'u, ƙanwarta Maryam ta riƙe aikin, kuma ya tsallake zuwan Turawa a 1903. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin rubuce-rubucen Asma'u a kundi ɗaya. Kabarinta na Hubbaren Shehu a Sakkwato, inda mata ke kai ziyara har yau.