Sabunta kuɗin PIP na mai farfaɗiya a Birtaniya: abin da fom ɗin AR1 yake nema

Bahaushe in an tambaye shi jikin mara lafiya, amsarsa ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ko mai jinyar bai runtsa ba daren jiya haka zai ce. A wajen gaisuwa wannan ladabi ne, amma a kan fom ɗin sabunta tallafin naƙasa na Birtaniya, wanda ake kira PIP, wannan amsar tana iya jawo a rage kuɗin ko a yanke su gaba ɗaya. Ga farfaɗiya kuma ciwo ce da muka saba ɓoyewa tun daga gida, sai abin ya haɗu biyu.

Ma'aikatar ayyuka da fansho ta Birtaniya, wato DWP, ce ke biyan PIP tun 2013 a Ingila da Wales, ga wanda ya kai shekara 16 kuma bai kai shekarun fansho ba lokacin da ya nema. Sikotlan tana da nata tsarin daban. Ba a duba albashin mutum ko ajiyarsa. Yawanci akan ba da kuɗin na wani wa'adi, kafin ya cika sai a aiko da fom mai suna AR1 don a ji ko wani abu ya canza. Wata ɗaya akan bayar a mayar da shi, ranar tana rubuce a wasiƙar. In ka ga ba za ka gama ba, ka buga waya ka nemi ƙarin lokaci tun kafin ranar ta wuce. Kuɗin ba sa tsayawa yayin da ake bitar, sai dai in an ƙi mayar da fom ɗin.

Ba sunan ciwon ake biya ba. Maki ake ƙirgawa a ɓangarori biyu: harkokin yau da kullum, masu ayyuka 10 kamar girki, wanka da shan magani, sai zirga-zirga mai ayyuka 2. A kowane ɓangare maki 8 ke ba da ƙaramin kaso, maki 12 babba. Dokar 2013 ta ce ba za a ɗauka mutum yana iya aiki ba sai in yana yin sa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, a duk sanda bukata ta taso, kuma bai ɗauki fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya ba.

Ga inda masu farfaɗiya suka daɗe suna shan ƙasa. Dokar ta kuma ce matsalar sai ta shafi mutum a fiye da rabin kwanakin shekara. A ce ƙanenka ciwon yana kayar da shi sau biyu a wata. Mai duba takarda zai lissafa kwana biyu cikin talatin, ya ce ai sauran kwanakin garau yake. A watan Maris na 2017 alƙalai uku na babbar kotun ɗaukaka ƙara ta harkokin tallafi suka rushe wannan lissafin, a shari'ar da aka sani da RJ. Suka ce abin dubawa shi ne ko akwai yiwuwar cutuwa ta gaske wadda ba za a kau da kai daga gare ta ba, a kuma auna girman cutarwar. Wanda ciwon ke zuwar masa ba sallama yana cikin haɗari duk ranar da ya tsaya gaban tukunyar mai, ko da rabonsa da faɗuwa mako uku ne.

Saboda haka kada ka tsaya a "babu canji", kada kuma ka tsaya a ƙirga faɗuwa. Bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya. Yana jin alama kafin ciwon ya taso, alamar kuma tana ba shi damar kashe murhu ya zauna? Wa yake tsaya masa in zai dafa abinci? Bukatar mai sa ido wajen girki maki 4 ce, wajen wanka maki 2. In kana zaune a bakin ƙofar banɗaki kana kasa kunne har ya fito, wannan sa ido ne, ka rubuta. A ɓangaren zirga-zirga, wanda ba zai iya bin hanyar da ya saba ba sai da rakiya yana samun maki 12 a take. Kada a manta da abin da ke biyo bayan faɗuwar: ruɗewa, ciwon kai, barcin yini guda, mantuwa. Illar maganin ma a faɗe ta. Fitsari da ke kubcewa lokacin ciwon akwai nauyin faɗa, na sani, amma wanda zai karanta fom ɗin ba surukinka ba ne.

Hujja mafi ƙarfi sau da yawa a gida take: littafin da kuke rubuta ranar kowace faɗuwa, tsawonta, raunin da aka ji da lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo hayyacinsa. A haɗa da wasiƙar likitan ƙwaƙwalwa ko nas ɗin farfaɗiya, jerin magunguna, da bayaninka kai mai kula da shi. Kwafi ake aikawa, a riƙe na asali. Kana iya cike masa fom ɗin, amma shi zai sa hannu, sai dai in DWP ta riga ta naɗa ka wakilinsa. Ƙungiyoyi irin su Citizens Advice da Epilepsy Action suna ba da shawara kyauta.

Ana iya kiransa tantancewa ta waya, ta bidiyo ko ido da ido, kuma yana da damar zuwa da kai. Hukuncin zai iya ƙara kuɗin, ya bar su yadda suke, ya rage, ko ya tsayar. In bai yi muku ba, kuna da wata ɗaya daga ranar wasiƙar ku nemi DWP ta sake dubawa, bayan nan sai kotun sauraron ƙararraki, wadda ba ta ƙarƙashin ma'aikatar. Ka tuna alawus ɗinka na mai kula da mara lafiya, wanda sharaɗinsa awa 35 a mako, yana rataye ne da ɓangaren harkokin yau da kullum na PIP ɗinsa. In wancan ya faɗi, naka ma ya bi shi.

Masu niyyar kai shi Kano ko Damagaram ya huta wajen dangi su lura: tafiyar da za ta wuce mako 4 sai an sanar da DWP, kuma PIP yakan tsaya bayan mako 13 a ƙasar waje, ko 26 in neman magani ne ya kai shi. In fom ɗin AR1 ya iso alhali kuna can, ranar mayar da shi ba za ta jira dawowarku ba, don haka a bar wani yana duba wasiƙun gidan.