Abin da doka ta ce a kan mai tsire, mai shayi da mai tuwo-tuwo

Yawancin masu sayar da abinci a Katsina sun ɗauka sai an kama mutum da ruɓaɓɓen nama ne ya yi laifi. Ba haka ba ne. Dokar Abinci da Magunguna ta tarayya, wadda aka kafa a 1974, ta hana sayar da abincin da ya ruɓe ko yake ɗauke da abu mai cutarwa. Ta kuma hana haɗa abinci, adana shi ko sayar da shi cikin ƙazanta, ko da a ido lafiyarsa ƙalau.

Wannan sashe na biyu shi ne ya fi shafar ƙwayar cutar nan da ake kira salmonela, domin ba ta wari, ba ta sauya ɗanɗano. Tana zaune a hanjin kaji da shanu, kashinsu kuma ya kai ta jikin ɓawon ƙwai, nama da ɗanyen nono. Wanda ya ci, sai bayan awa 6 zuwa 72 zazzaɓi, murɗar ciki da gudawa su taso, ya yi kwana 2 zuwa 7 yana fama. Ƙananan yara da tsofaffi ne ta fi kayarwa, saboda ƙarewar ruwan jiki.

Wuta tana kashe ta idan zafin tsakiyar nama ya kai digiri 70 a ma'aunin Celsius. Inda ake samun matsala bayan wutar ne. Wuƙar da ta yanka ɗanyar kaza ita ce za ta yanka gasasshiya, da albasa da kabeji, a kan katako ɗaya. Mai shayi ya fasa ƙwai mai kashi a jiki, ya ɗauko burodi da hannun nan. Shinkafa ta sauka da hantsi, ta zauna a kula har la'asar. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayar ke hayayyafa, a zafin bazarar Katsina kuwa ba ta ɓata lokaci. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Ko ya zauna kan wuta, ko ya shiga firji.

Wa ke da hurumin kamawa? Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da mayanka, kasuwanni, gidajen abinci da gidajen burodi. Saboda haka idan matsalar ta teburin tsire ce ko rumfar tuwo, duba-gari na ƙaramar hukuma ake kai wa ƙara. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa da aka kafa a 1993, ta fi bin kayan da aka sarrafa aka ƙulle, kamar yogot da ruwan leda. Lambar rajistarta ake dubawa a jiki.

Gwajin lafiya da ake nema wa masu aikin abinci ma ba neman kuɗi kawai ba ne, ko da yake wasu haka suke kallonsa. Taifod daga dangin salmonela take, kuma mutum kan warke sarai amma ƙwayar ta maƙale a matsarmamarsa, yana fitar da ita a bayan gida wata da watanni bai sani ba.